Kyanwa a Sito: Lissafin da Ya Kamata Ɗan Kasuwar Hatsi Ya Yi Kafin Ya Daina Sayen Maganin Ɓera

Wani ɗan kasuwar hatsi daga yankin Funtua ya aiko mini da tambaya, ga kuma taƙaitaccen abin da ya ce. Da kaka yakan sayi masara da dawa da waken suya a kasuwannin Dandume da Bakori da Giwa, ya tara kimanin buhu 600 a siton da ya gina a gonarsa, ya jira farashi ya ɗaga wajen bazara. A gefen siton yana da ɗakin kajin ƙwai da ɗan garken tumaki. Bara da ya zo fitar da kaya, sai ya tarar ɓeraye sun huda buhu fiye da 70, abin da ya zube ko ya lalace ya kai buhu 9, ga kuɗin sababbin buhuna da ladan 'yan dakon da suka sake ɗurawa, alhali tun daga kaka bai fasa sayen shinkafar ɓera ba. Ana nan sai ya gani a wayarsa cewa manoma a Amurka suna karɓar kyanwoyin da ba su da masu su kyauta, su ajiye su a gona domin maganin ɓera. Shi ne yake tambaya ko ya sa yara su kamo masa guda goma daga cikin magunan da ke yawo a bayan mayanka, ya zuba su a gonar ya huta da sayen magani, sannan idan abin ya yi kyau ko akwai kasuwa a raba wa sauran masu sito.

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce ka ajiye kyanwa, amma biyu ko uku sun isa, kuma sai bayan ka rage ɓerayen da hannunka ka toshe hanyoyin shigarsu. Kyanwa maigadi ce. Idan aka damƙa mata sito mai tsabta, tana iya hana ɓera dawowa ya kafa gida, amma idan siton ya riga ya zama garin ɓeraye, abin da za ta iya yi kaɗan ne, kuma za ka ƙara wa kanka bakin ciyarwa a kan asarar da kake ciki. Tunda maigadi ce, tana da albashi, wato abinci da ruwa da allura, kuma wannan albashin dole ya shiga littafinka kamar yadda kuɗin mota da na dillali suke shiga.

Wannan magana tana da tushe a binciken masana. A shekarar 1953 masanin dabbobi Charles Elton na Jami'ar Oksfod ya wallafa abin da ya gano a gonakin Ingila, cewa kyanwoyi ba sa iya ƙarar da ɓerayen da suka riga suka cika gona, amma idan aka fara kashe ɓerayen ta wata hanya, kyanwoyin sukan hana su sake mamaye gine-ginen da ke kusa da inda suke zama, muddin ana ƙara musu abinci. A shekarar 2018 wasu masu bincike suka kafa kyamarori a wani wurin tace shara da ke birnin Niyu Yok, inda manyan ɓeraye fiye da ɗari suke zaune tare da magunan titi. Cikin kwana 79 ɓera biyu kacal aka ga kyanwoyin sun kashe. Abin da ya canza shi ne ɓerayen sun rage fitowa fili, suna ɓuya idan kyanwa tana kusa. Ka lura da wannan sosai, domin mai sito yana iya daina ganin ɓera ya ɗauka sun ƙare, alhali suna can tsakanin buhuna suna aikinsu. Sai kuma binciken da aka wallafa a 2017 daga ƙasar Suwaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, wanda ya fi kusa da yanayinmu tunda a gidajen karkara 40 aka yi shi. An gano cewa inda ake da kyanwa da kare tare ne ɓeraye suka fi jin tsoron fitowa cin abinci, amma inda ake da kyanwa kaɗai ko kare kaɗai bambancin bai taka kara ya karya ba. Idan maigadinka yana da kare a gonar, wannan ƙarin amfani ne, in dai an saba da su tun farko.

Abin da ka gani daga Amurka gaskiya ne, sai dai bidiyon bai nuna maka ɗawainiyar ba. A birnin Shikago, alal misali, ƙungiyar kula da dabbobi mai suna Tree House ta fara irin wannan shiri a 2012, kuma zuwa 2021 ta raba kyanwoyi kimanin 1,000 ga gidaje da wuraren sana'a. Kafin a ba mutum, likita ya riga ya yi wa kowace tiyatar hana haihuwa da allurar rigakafi, ana kawo su biyu ko uku, a tsare su cikin babban keji na 'yan makonni har su saba da wurin, shi kuma mai karɓa ya ɗauki alkawarin ci da sha da makwanci. A can ƙungiya ce take ɗauke ɗawainiyar aikin likita. A nan kai ne ƙungiyar, kai ne kuma mai karɓa, saboda haka kalmar kyauta ba ta shafe ka ba.

Kafin mu je ga kuɗi, ya kamata ka san wane ne ɓarawon naka, domin ba kowane ɓera kyanwa take tunkara ba. Gafiya da burgu sukan kai nauyin kilo ɗaya ko fiye, kyanwar da ba ta wuce kilo uku ko huɗu ba takan kauce musu, kuma su ne masu haƙa rami ta ƙarƙashin gini suna jidar hatsi a kumatu. Waɗannan sai tarko da siminti. Akwai baƙin ɓeran nan mai doguwar wutsiya da ke bin azara da rufin kwano yana saukowa kan buhuna ta sama, wanda kyanwa takan kama ƙananansa ta bar manyan. Akwai kuma ƙaramin ɓeran daji mai nonuwa da yawa, wanda yake shigowa gida da rani idan abinci ya ƙare a gona, macensa takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya, cikin kuwa bai wuce mako uku da 'yan kwanaki ba. A kan wannan da ƙananan ɓerayen ɗaki ne kyanwa ta fi amfani. Ita kuwa jaba, duk da warinta, ƙwari take ci, ba ta da laifi a asarar hatsinka.

Idan ka ɗauka ɓera matsakaici yana cin giram 20 a rana, ɓera 50 sun ci kilo ɗaya ke nan kullum, a wata shida kilo 180, wato bai cika buhu biyu masu kilo 100 ba. To ina sauran bakwai daga cikin buhu 9 ɗinka suka tafi? Sun tafi a zubewa da gurɓacewa. Ɓera yana huda buhu ta ƙasa, hatsi ya tsiyaye ya haɗu da ƙasa da kashinsa da fitsarinsa, danshi ya shiga, ƙwari su sami ƙofa. Akwai kuma asarar da ba ka lissafa ba, wato ragin da mai saye yake yi maka da zarar ya soka buhu ya ga kashin ɓera a tafin hannunsa. Kamfanonin abincin kaji da masu sarrafa waken suya suna iya mayar da mota guda saboda wannan. Idan kana amfani da buhunan nan masu leda biyu a ciki da ake kira PICS, huda ɗaya ta ɓera ta isa ta ɓata amfaninsu gaba ɗaya, tunda aikinsu shi ne hana iska shiga.

Na taɓa shiga siton wani abokin hulɗata da rani ana fitar da kaya. An jera buhunan masara a kan daɓe kai tsaye, an manna su da bango har kusa da rufi, babu ko hanyar da mutum zai bi ya leƙa baya. Da 'yan dako suka kai layi na ƙarshe, sai ga sheƙa da aka yi da zaren buhu da aka tsattsage, 'ya'yan ɓera jajaye guda takwas a ciki ko ido ba su buɗe ba, masarar da ke ƙarƙashi ta zama gari mai wari. A bakin ƙofa kuwa wata jar kyanwa ce kwance a kan buhu, ƙosasshiya, mai siton yana ta yi mata faɗa wai ita kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi. Na ce masa ya dubi tsakanin buhunan da bangon ya gaya mini ta ina za ta shiga. Inda ɓera yake kurɗawa ko kanta ba zai wuce ba. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma a wannan siton jerin buhunan ne daddawar.

Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe a kan ginin ne. Yanzu da siton yake kusan fanko, a fitar da komai a share, a ƙone tsofaffin buhuna da tarkace. A bi bango da daɓe a toshe kowane rami da siminti, kada a yi da laka, a kuma tuna cewa ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba. A buga langa-langa a ƙasan ƙofa ta yadda ba za a bar tazara tsakaninta da daɓe ba, a sa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a tagogi da inda rufi ya haɗu da bango, a sare reshen duk bishiyar da ta taɓa rufin, a nome ciyawa a kewaye har taku uku ko huɗu ya zama fili fetal. Idan kaya suka zo, a ɗora su a kan katako, a bar tazarar da mutum zai iya wucewa tsakanin buhuna da bango da kuma tsakanin tari da tari. Na san wannan tazarar tana cin wurin buhu talatin ko arba'in, kuma ɗan kasuwa yana jin zafin ganin fili a sito. Amma ita ce take ba ka damar dubawa, ita ce kuma take ba kyanwa hanyar sintiri.

Daga nan sai tarko. A sayi da yawa, ashirin ko talatin, a jera su a jikin bango inda ɓera yake bi, da ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Manyan ɓeraye suna shakkar sabon abu, don haka a bar tarkunan da abinci ba a ɗana ba kwana biyu ko uku, sannan a ɗana su duka a dare ɗaya. Idan za ka yi amfani da guba, to a wannan matakin ne, kafin kyanwa ta zo, kuma ka sayi mai suna da lambar hukumar NAFDAC, ka rabu da ƙullin leda na masu talla a tasha wanda ba a san abin da ke ciki ba. Yawancin maganin zamani yana tsinka jinin ɓera ne, yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, kuma yana daɗewa a hantarsa. Ɓeran da ya ci yakan fito yana tangaɗi, shi ne kuwa wanda kyanwa ta fi saurin kamawa, ta ci ta kwashi gubar. Guba da kyanwa ba sa zama a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. A kwashe ragowar maganin, a binne matattun ɓeraye a rami mai zurfi, a jira mako biyu ko uku, sannan a kawo ma'aikatan.

Game da zaɓen su, ban goyi bayan a tura yara su kamo magunan bayan mayanka da hannu ba. Magen da ta girma ba ta taɓa jin hannun mutum ba tana cizo da yakushi, cizonta yana ruruwa, kuma ciwon haukan kare yana kama kyanwa kamar yadda yake kama kare. Duk wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka nemi matasan kyanwoyi 'yan wata biyar zuwa shekara ɗaya, waɗanda aka haifa a wani sito ko gidan gona kuma uwarsu mafarauciya ce, suna ɗan gudun mutane amma sun san mai ba su abinci. Irin waɗannan ana samunsu ba ko sisi, masu su ma godiya za su yi. Idan 'yan ciki ɗaya ne ya fi, domin ba za su kori juna ba. Launi ba ya farauta, sai dai idan ka san ma'aikatanka suna camfa baƙar mage, to kada ka kawo ta inda za a riƙa jifanta idan ba ka nan.

Kyanwar da aka kawo sabon wuri aka sake ta a ranar, kafin gari ya waye ta kama hanyar inda ta fito. Dole a tsare su mako biyu zuwa huɗu a wani ɗan ɗaki ko babban keji a inuwa a jikin siton, da ruwa da kaskon yashi na bayan gida da kwalin da za su ɓuya, mutum ɗaya yana kawo musu abinci a lokaci ɗaya kullum yana yi musu kira iri ɗaya. Ranar da aka buɗe, a bar kejin a wurin a ci gaba da ajiye abincin a ciki. A nan ina so ka ja kunnen wanda za ka ɗora wa aikin da kanka. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Kyanwar da ka kulle amana ce a wuyanka, ko maigadi ya yi tafiya kasuwa ko bai yi ba.

Dalilin da ya sa na ce goma sun yi yawa shi ne haihuwa. Macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin yana kwana 63 zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo uku zuwa biyar. Idan biyar daga cikin goman mata ne, kafin wata kakar kana iya samun arba'in a gonar, masu yunwa da ciwon ido da gudawa, kuma a ɗakin kajinka za su huce. Maganin wannan shi ne tiyata a hannun likitan dabbobi, a fiɗiye muzuru a kuma cire wa mace mahaifa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi maka nisa ba, akwai kuma likitoci masu zaman kansu. Kada a bari wani ya gwada irin dandaƙar da ake yi wa bunsuru. Aikin muzuru ya fi sauƙi da araha, kuma muzurun da aka fiɗiye yana rage yawon dare da faɗa da fesa fitsari mai ƙarni a jikin kaya, farautarsa kuwa ba ta raguwa. Idan kuɗin ya yi maka nauyi, ɗauki muzurai biyu 'yan ciki ɗaya. A zuwa ɗaya a yi musu allurar haukan kare da maganin tsutsar ciki, a rubuta ranar domin maimaitawa.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu, wai a bar kyanwa da yunwa domin ta yi farauta. Kyanwa tana farauta ne saboda ɗabi'a, ƙosasshiya ma tana yi, kuma ta fi haƙurin zaman kwanto a bakin rami. Mai yunwa kuwa tana barin gonar ta koma inda ake yanka, ko ta faɗa wa abin da ya fi sauƙin kamawa. Ragowar tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, domin jikinta nama yake bukata. Kan busasshen kifi, da huhu da sauran tarkacen mayanka da aka dafa, da fasassun ƙwai daga ɗakin kajinka idan aka dafa su, a cuɗa da ɗan tuwo, sun wadatar. A ba su da safe, a ɗauke kwanon kafin magariba, in ba haka ba ɓerayen kake ciyarwa. Ruwa kada ya yanke, musamman a watannin Maris da Afrilu. Miya mai albasa da tafarnuwa tana cutar da su, ƙwayar farasitamol tana kashe kyanwa, haka ma maganin kaska da ake fesa wa shanu da karnuka.

Yanzu ga inda shirin zai iya jawo maka asara idan ba a kula ba. Karin maganar da ke cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, ta riga ta gaya maka matsayin muzuru a wurin kaji. Manyan kajin ƙwai ba su cika shiga haɗari ba, amma 'yan tsaki abinci ne, don haka ɗakin renonsu ya kasance da raga ta ko'ina. Kada kuma a jefa wa kyanwa mushen kaza. Murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006, tana kama kyanwa tana kashe ta, kuma dabbar da ke shiga ɗakin kaji tana fita tana iya yawo da cuta a ƙafafunta.

Tumakin ne suka fi damuna. Akwai ƙwayar cuta mai suna toksoplasma da take fita a kashin kyanwa, musamman ƙananan da suka fara cin ɓera, kuma idan tunkiya ko akuya mai ciki ta ci dusa ko harawar da kashin ya taɓa tana iya yin ɓari. Kyanwa kuwa tana son tona abu mai laushi ta yi bayan gida, tarin dusa da ƙaiƙayi da hatsin da aka zube a ƙasa duk yashi ne a wurinta. A zuba dusa a durom mai murfi, a ɗaga harawa sama, a tanadar musu tulin yashi a gefe, a riƙa kwashewa kullum da shebur tunda ƙwayar tana bukatar kwana ɗaya ko fiye kafin ta iya kamawa. Mace mai juna biyu kada ta yi wannan aikin. Wannan ma wani dalili ne na hana haihuwa, domin garken manyan kyanwoyi da ba a samun sababbin 'ya'ya a cikinsa ya fi aminci ga tumaki.

Wasu sukan huda ƙofar sito su bar wa kyanwa hanya. Ban ga hikimar haka ba, tunda ramin da kyanwa za ta wuce gafiya ma za ta wuce, ka ga an rushe aikin siminti da langa-langa. Mazauninsu ya zama baranda da kewayen ginin, inda ɓeran da ya taso daga gona zai fara biyowa. A shigar da su duk lokacin da aka buɗe siton, a kuma kwana da su ciki sau ɗaya ko biyu a mako da ruwa da kaskon yashi. Ranar da za a sa ƙwayar Phostoxin domin ƙwari, a ƙirga su a waje kafin a rufe ƙofa, a ɗauke makwancinsu daga jikin bangon, domin hayaƙin yana kashe duk abin da ke numfashi, har mutum, kuma kada su koma sai iska ta gama ratsa siton. A fili kuwa, cikin masarar da ke tsaye ko dami da aka tara a gona, kada ka sa rai da kyanwa, aikinta a kewayen gini yake.

Ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, yana kuma yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera a abinci, ya fi tsananta da rani, daidai lokacin da kayanka suke ajiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci ajiye kyanwa cikin matakan kariya, tare da adana hatsi inda ɓera ba ya kaiwa da nisanta shara daga gida. Ma'aikatanka su yayyafa ruwa kafin shara, su rufe hanci, su ɗauki ɓeran da kyanwa ta yar da shebur, kada da hannu. Hatsin da aka share daga ƙasa mai kashin ɓera kada a mayar da shi buhu a sayar wa mutane.

Lissafin kuɗin kuwa da buhu za ka yi shi, tunda farashin naira ba ya tsayawa. Ka ware shafi biyu. A na farko ka rubuta abin da ake kashewa sau ɗaya, wato gyaran gini da katako da tarkuna da keji da tiyata, ka raba shi gida uku ko huɗu saboda zai yi maka shekaru. A na biyu ka rubuta na kullum, wato abinci da allurar shekara da maganin tsutsa da ɗan ihsanin da za ka ƙara wa maigadi, wanda bai kamata ka tsallake ba domin shi ne shirin yake hannunsa. Ka haɗa su, ka cire abin da kake kashewa a shinkafar ɓera, ka raba da farashin buhu a lokacin da kake sayarwa. Abin da ya fito shi ne adadin buhunan da dole shirin ya ceto kafin ya biya kansa. A ganina, mai asarar buhu 9 da hudar buhu 70 yana da fili mai faɗi, kuma ko rabin wannan aka ceto an ci riba, sai dai kaso mafi girma na ribar daga gyaran ginin zai fito, kyanwa kuma ta tsare shi kada ya zube.

Domin kada ido ya yaudare ka, ka auna. Kowace Juma'a da yamma a barbaɗa garin rogo ko toka mai laushi a wurare biyar a jikin bango, faɗin tafin hannu biyu, da safe a duba sawu a rubuta nawa ne aka taka. A bar tarko biyar a ɗane cikin akwati mai ƙaramar ƙofa da kyanwa ba za ta sa hannu ba, a rubuta abin da suka kama. Idan sawu ya ƙaru mako biyu a jere, akwai ramin da ya buɗe, a nemo shi.

Batun raba wa sauran masu sito kuwa, ka dakata tukuna. Mutanenmu ba su saba biyan kuɗi a kan kyanwa ba alhali tana yawo a kowane lungu, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani ga kuɗin kyanwa, wanda malamai suka yi saɓani a kan fassararsa, don haka sai ka zauna da malaminka kafin ka sa mata farashi. Abin da nake ganin zai sayu shi ne aikin gaba ɗaya: a duba sito, a toshe, a kafa tarko, a kawo kyanwoyin da likita ya gama da su, a dawo duk wata a auna, a biya ka ladan aiki da kuɗin da ka kashe. Wannan kuwa ba ya sayuwa sai da shaida, kuma shaidar ita ce littafinka na shekara ɗaya.

Idan ka fara gyaran ginin a watan Agusta, ka yi tarko a farkon Satumba, kyanwoyin suka shiga keji a ƙarshensa, za su fito daidai lokacin da motocin farko na sabuwar masara suke isowa. Idan Allah ya kai mu Afrilu ka fara fitar da kaya, ka aiko mini da adadin buhunan da aka huda, da nauyin abin da aka share daga ƙasa, da jimillar shafukan nan biyu, mu duba tare ko za a ƙara ta uku ko biyun sun wadatar.